Me ya sa halittun tsaro na tawagata suke faɗuwa a gasar Pokémon?

Wani ɗan'uwa da bai daɗe da fara karawa a Pokémon Showdown, dandalin intanet da ake fafata yaƙin halittun Pokémon a kai, ba ya kawo tambaya. Ya ji ana cewa tawaga ba ta tsayuwa sai da halitta mai tsaro, sai ya saka Blissey da Toxapex tare da mahara huɗu, amma har yanzu ana cinye shi, kuma sau da yawa waɗannan biyun ko dai su ne suke fara faɗuwa, ko kuma su daɗe a fili ba su tsinana komai ba. Yana so ya san ko zaɓinsa ne bai dace ba, ko kuwa zamanin tsaro ne ya wuce a wasannin Scarlet da Violet.

Ɗan'uwa, zamanin tsaro bai wuce ba, kuma halittun da ka zaɓa suna cikin mafi ƙwari da aka taɓa yi a wannan wasa. Matsalar tana wajen abin da kake nema daga gare su. Na daɗe ina buga irin wannan karawa ta shida da shida, kuma kuskuren da na fi gani ga masu farawa, wanda ni ma na yi shi a farkon lamarina, shi ne ɗaukar halittar tsaro a matsayin wadda aka saka don kawai ta ƙi mutuwa. Ƙin mutuwa ba ya kawo nasara. Halittar tsaro, wadda zan riƙa kira ganuwa a wannan bayani, ana saka ta ne don ta shiga fili a gaban wasu abokan gaba da ka san sunayensu tun kafin a fara wasa, ta shanye bugunsu, sannan ta yi amfani da zagayen da ta samu wajen ciyar da tawagarka gaba. Idan ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa uku ya ɓace, gurbi ɗaya cikin shida ne ka zubar.

Mu fara da biyun da ka haɗa, domin a nan ne ɓarakar ta fi fitowa fili. Blissey nau'in Normal ce, rauninta ɗaya ne tak, wato bugun nau'in Fighting. Toxapex kuwa Poison ne da Water, saboda haka Ground da Electric da Psychic suna yi masa illa ninki biyu. Yanzu ka dubi Great Tusk, wanda yana cikin halittun da aka fi amfani da su a rukunin OU, wato babban rukunin karawa na ƙungiyar 'yan wasa ta Smogon, tun fitowar Scarlet da Violet a 2022. Nau'insa Ground ne da Fighting, ƙarfin harinsa na asali 131. Da dabarar Close Combat yana ragargaza Blissey, da Headlong Rush ko Earthquake yana ragargaza Toxapex. Ke nan halitta guda ɗaya, wadda za ka ci karo da ita dare da rana, tana rusa ganuwarka duka biyu, kuma da zarar ta shigo fili ba ka da wanda za ka tura gabanta sai ɗaya daga cikin maharanka marasa ƙwari. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ke tawagarka ke nan. Da a ce ka haɗa su da Corviknight, wanda yake Flying da Steel, da bugun Ground bai taɓa shi ba ko kaɗan, bugun Fighting kuma ya zo masa daidai wa daida ba tare da ninki ba. Sai dai shi ma Corviknight yana tsoron Electric kamar Toxapex, don haka dole wani ya rufe wannan ƙofar: ko Blissey idan harin na musamman ne (hari iri biyu ne a wasan, na jiki da na musamman, kowanne da lambar tsaron da take tare shi), ko wata halittar nau'in Ground irin su Ting-Lu da Clodsire, waɗanda lantarki ba ya kama su sam.

Wannan tunani ba sabo ba ne. Tun zamanin Gold da Silver, waɗanda suka fito a Japan a 1999, 'yan wasa suka gano haɗin Skarmory da Blissey, inda tsuntsun ƙarfen mai tsaron jiki 140 yake tare harin jiki, ita kuma Blissey take tare harin musamman. Abin da ya sa haɗin ya yi suna shekara da shekaru shi ne kowannensu yana shanye abin da ɗayan ba ya iyawa. Darasin da ya kamata a ɗauka daga gare shi shi ne wannan cike giɓin, ba sunayen halittun ba.

Abu na biyu shi ne lissafi, kuma ina roƙonka ka yi haƙuri da shi, domin a nan ne ake cin wasa ko a faɗi. Ƙwarin halitta ba ya tsaya ga lambar tsaronta kaɗai. Yawan jini da lambar tsaro ake ninkawa da juna, shi ya sa halitta mai jini da yawa da tsaro kaɗan take iya zama daidai da mai jini kaɗan da tsaro mai yawa. Blissey tana da jinin asali 255, mafi yawa a duk wasan, da tsaron musamman 135, amma tsaron jikinta 10 ne kacal. Toxapex kuwa jininsa 50 ne, tsaron jiki 152, tsaron musamman 142. Kowace halitta ana iya raba mata makin horo 510, kuma ba a zuba fiye da 252 a sifa guda. Masu farawa sukan zuba wa Blissey makin a tsaron musamman, suna ganin a nan ƙarfinta yake. Amma ka duba abin da lambobi suke faɗa a mataki na 100: idan ba ka saka komai a tsaron jikinta ba, 56 zai tsaya, idan ka cika shi da 252 ka kuma zaɓi ɗabi'ar Bold, wadda take ƙara kashi 10 cikin ɗari, zai kai 130. Ƙwarinta a gaban harin jiki ya haura ninki biyu ke nan. Makin 252 ɗin nan da za ka zuba a jini kuwa, daga 651 zuwa 714 kawai zai ɗaga shi, ƙarin da bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Wannan ne dalilin da ya sa kusan duk ƙwararren da ya ɗauki Blissey yake fara cika mata tsaron jiki. Ba don ta koma tare mahara irin Great Tusk ake yin haka ba, a'a, sai don kada ƙaramin bugu irin U-turn ko Knock Off ya riƙa yagar rabin jininta a banza.

Tambayar da za ka riƙa yi wa kanka game da kowace ganuwa ita ce: idan ta shigo fili ta karɓi bugu a kan shigowa, sannan ta karɓi na biyu kafin ta motsa, shin za ta rayu? Dalilin bugu biyu shi ne sauya halitta yana cin zagaye ɗaya, kuma yawancin halittun tsaro ba su da gudu, Toxapex ma gudunsa 35 ne. Ka ɗauka wani hari yana cin kashi 47 cikin ɗari na jinin ganuwarka a mafi tsananinsa, ita kuma tana riƙe da Leftovers, wanda yake mayar da kashi 1 cikin 16 na jini a ƙarshen kowane zagaye. Bugu biyu za su bar ta da kusan kashi 12, sai ta yi Recover ta dawo da rabin jininta, a ci gaba da fafatawa. To amma idan abokin karawarka ya riga ya shimfiɗa Stealth Rock a ɓangarenka, za ta rasa kashi 12 da rabi tun tana taka fili, kuma bugu biyun nan su ne ajalinta. Halitta ɗaya ce, maharin ma ɗaya ne, tarkon duwatsun ne kaɗai ya sauya sakamakon. Idan aka ƙara Spikes lamarin ya fi muni, domin shimfiɗa ɗaya tana cin kashi 1 cikin 8, biyu 1 cikin 6, uku kuma 1 cikin 4 ga duk halittar da take taka ƙasa. Ganuwa ita ce halittar da ta fi kowa shiga da fita, saboda haka ita ce tarko ya fi ci wa jini. Ko dai ka samu mai share tarko, kamar Corviknight da Defog ko Great Tusk naka da Rapid Spin, ko kuma ka sanya wa ganuwar Heavy-Duty Boots, takalman da aka kawo a Sword da Shield a 2019, waɗanda suke kare mai sanye da su daga dukkan tarkon shigowa. Sai dai ka sani cewa Knock Off ɗaya yana cire su, daga nan kuma lissafinka ya sauya har ƙarshen wasan. Pokémon Showdown yana da na'urar lissafin ɓarna, kuma ban ga dalilin da zai sa mutum ya shiga karawa da ganuwar da bai gwada ta a can da manyan mahara biyar ko shida na rukuninsa ba.

Akwai wani sauyi da ya shafi tambayarka kai tsaye, wanda shi ne ya sa wasu suke cewa tsaro ya mutu. A Scarlet da Violet an rage yawan amfani da dabarun warkar da kai irin su Recover da Roost da Soft-Boiled da Slack Off, daga sau 16 a mafi yawa zuwa sau 8. An kuma ƙwace wa halittu da dama Toxic da Scald, shi kansa Toxapex ya rasa Scald, dabarar da a da yake ƙona mahara da ita har ƙarfin bugunsu na jiki ya ragu da rabi. Ma'anar wannan ita ce ba za ka ƙara zama kana warkar da kai kana jiran abokin karawa ya gaji ba. Warkarwa takwas ce gare ka, kuma idan wanda ke gabanka yana da baiwar Pressure ba ita ce take rage su ba tunda kanka kake yi wa, amma duk dabarar da ka auna shi da ita, amfani biyu za a cire maka maimakon ɗaya. Saboda haka ne baiwar Regenerator ta ƙara daraja, domin tana mayar da kashi 1 cikin 3 na jini a duk lokacin da halitta ta fita daga fili, ba tare da ta ci zagaye ko ta taɓa adadin dabara ba. Toxapex yana da ita, haka Alomomola da Slowking na Galar. Mai amfani da Toxapex da kyau ba ya barin sa ya daɗe a fili: ya shigo, ya shanye bugu, ya saka guba ko ya shimfiɗa Toxic Spikes, ya fita ya warke.

Wannan ya kai mu ga ƙorafinka na biyu, cewa suna zama ba su tsinana komai ba. A ganina wannan ya fi na farko haɗari, domin ganuwar da ba ta iya cutar da kowa gayyata ce ga abokin gaba ya zo ya ƙara ƙarfi a gabanta. Swords Dance sau ɗaya yana ninka harin jiki, Nasty Plot sau ɗaya yana ninka harin musamman. Ka ɗauki Blissey a gaban Gholdengo. Seismic Toss, wanda yake cire jini 100 daidai a mataki na 100 kuma shi ne makamin da Blissey ta saba dogara da shi, ba ya taɓa nau'in Ghost, wanda Gholdengo yake ciki. Thunder Wave ma ba ya aiki, domin baiwar Good as Gold tana toshe irin waɗannan dabaru marasa bugu da aka auna Gholdengo da su. Sai ya tsaya ya yi Nasty Plot sau biyu ko uku hankali kwance, idan kuma yana ɗauke da Psyshock, wanda hari ne na musamman amma tsaron jiki yake duka, to Blissey ta gama yawo, sauran tawagar kuma su biyo bayanta. Shi ya sa za ka ga masu amfani da ita a wannan zamani sukan ba ta Calm Mind tare da Flamethrower ko Shadow Ball, don ta sami abin mayar da martani.

Kowace ganuwa tana bukatar amsa ga mai ƙara ƙarfi, kuma amsoshin suna da yawa. Toxapex yana da Haze, mai goge duk ƙarin da kowa ya yi a fili. Ting-Lu da Skarmory suna da Whirlwind, mai korar abokin gaba daga fili ya dawo da wani, wanda shi ma zai taka tarkon da ka shimfiɗa. Dondozo da Clodsire da Clefable suna iya ɗaukar baiwar Unaware, wadda take sa su yi kamar maharin bai ƙara komai ba. Corviknight da Garganacl kuwa suna mayar da tsaro makami ta hanyar Iron Defense da Body Press, domin Body Press da lambar tsaron mai bugun ake lissafa shi. Game da guba, ka riƙe wannan lissafi: Toxic yana farawa da kashi 1 cikin 16, ya ƙaru da irin wannan kason a kowane zagaye, ta yadda a zagaye biyar ya cinye kashi 15 cikin 16, na shida kuma ba mai tsira. Amma lissafin yana komawa farko idan halittar ta fita, kuma nau'in Steel da Poison ba sa kamuwa. Salt Cure na Garganacl ya fi ban tsoro ta wannan fuska, domin yana cin kashi 1 cikin 8 a kowane zagaye, ga Water da Steel kuwa 1 cikin 4.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne gyaran da tawagarka ta fi bukata. Kana da mahara huɗu, wato tawagarka mai kai farmaki ce, amma ganuwar da ka zaɓa irin ta tawagar jinkiri ce, wadda ake cika gurabe biyar ko shida da masu tsaro a ci wasa da guba da tarko a zagaye ɗari ko fiye. Taura biyu ba ta taunuwa. Duk lokacin da ka shigo da Blissey, matsin da maharanka suka yi wa abokin karawa ya sassauta, ya samu damar numfasawa ya shigo da wanda yake so. Kuma idan ka zo mayar da maharinka fili, shi ne zai sha bugu a kan shigowa. Tawaga irin taka tana bukatar ganuwa mai miƙa fili, wato wadda za ta shanye bugu sannan ta fita da dabara a cikin zagaye ɗaya. A nan rashin gudu ya zama alheri. Corviknight yana da gudu 67, saboda haka yawancin mahara za su riga shi bugu, shi kuma ya yi U-turn daga baya, sai maharinka, a ce Dragapult mai gudu 142, ya shigo ba tare da ƙwarzane ba, yana fuskantar wanda ba zai iya tsere masa ba. Slowking na Galar yana yin haka da Chilly Reception, sau da yawa bayan ya aika Future Sight wanda zai faɗo zagaye biyu a gaba, a daidai lokacin da maharinka yake dukan wani ɓangaren. Alomomola yana yin Wish sannan ya fita da Flip Turn, kuma tunda Wish rabin jinin mai yin sa yake bayarwa, shi kuma jininsa yana kaiwa 534, wanda ya karɓa zai samu 267, abin da ya kusa cika yawancin mahara. Da ni ne kai, da na ajiye Blissey na ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan, na bar Toxapex ko na musanya shi da Ting-Lu gwargwadon abin da maharana huɗu suka fi tsoro.

Kada kuma ka ji ƙyashin sadaukar da ganuwa idan aikinta ya ƙare. Kafin a fara wasa ana nuna maka halittu shida na abokin karawa, kuma a wannan lokacin ne za ka yanke wa kanka hukunci: wannan ganuwar saboda wane da wane na kawo ta? Idan Corviknight ne kaɗai yake iya tare Great Tusk ɗinsu, to jininsa amana ce, ba za ka tura shi ya sha bugun wani da bai shafe shi ba. Idan kuwa waɗanda yake tarewa sun riga sun faɗi, ya fi amfani ka bar shi ya mutu a fili don maharinka ya shigo lafiya, da ka riƙa lallaɓa shi har a kashe wanda zai ci maka wasan. Haka nan batun Terastal, damar sauya nau'in halitta, wanda sau ɗaya ake yin sa a wasa: sauya nau'in ganuwa, kamar mayar da Garganacl Water ko Fairy don ya rabu da raunin nau'in Rock, yana iya cin wasa gaba ɗaya, amma ka tabbata maharinka bai fi bukatarsa ba. Ka kuma sa a ranka cewa bugun sa'a mai tsanani yana zuwa sau 1 cikin 24, yana ƙara rabin ɓarna, kuma ba ya la'akari da ƙarin tsaron da ka yi da Iron Defense. Wanda ya bar ganuwarsa ta karɓi bugu ashirin a wasa ɗaya, shi ya buɗe wa wannan sa'ar ƙofa.

Duk abin da na faɗa ya shafi karawar da halitta ɗaya ke fuskantar ɗaya a fili ne. Idan wata rana ka koma gasar VGC, wadda ita ce ta hukuma, inda ake zuwa da shida a zaɓi huɗu, biyu su fuskanci biyu a mataki na 50, to ganuwa irin ta Blissey da Toxapex ba ta cika tasiri ba. Mahara biyu suna iya haɗuwa a kan halitta ɗaya, ko kuma su yi biris da ita su kashe abokin tsayuwarta, ga agogo yana tafiya. A can ƙwari yana da amfani ne idan yana kare na kusa. Incineroar yana rage harin jikin abokan gaba biyu da Intimidate, ya hana ɗaya motsi da Fake Out, ya fita da Parting Shot. Amoonguss yana jawo hari kansa da Rage Powder, yana sa barci da Spore. A gasar duniya ta 2014 da aka yi a Amurka, Se Jun Park na Koriya ta Kudu ya ci kofi da Pachirisu, ƙaramar halittar da ba wanda yake lissafa ta cikin masu ƙarfi, bayan ya horar da ita ta iya shanye manyan hare-hare tana jawo su kanta da Follow Me, abokan tsayuwarta irin su Garchomp da Gyarados kuma suna ɓarna a gefe.

Abin da zan ba ka shawara ka yi a wannan makon shi ne ka ajiye bidiyon wasanni goma da aka cinye ka, tunda Showdown yana ba da damar adana su, ka sake kallo kana rubuta sunan halittar da ta fara fasa tawagarka a kowane wasa da kuma ko akwai tarko a ɓangarenka a lokacin. Ina kyautata zaton sunaye biyu ko uku ne za su yi ta maimaituwa, kuma Great Tusk da Gholdengo suna ciki. Ka kai waɗannan sunaye na'urar lissafi, ka gwada su da Corviknight da Ting-Lu da Slowking na Galar, sau ɗaya da Stealth Rock a fili sau ɗaya babu, sannan ka zaɓi wanda ya tsira daga bugu biyu a duka yanayin.